Rasuwar Gurnani, Injin Ban-Ruwan Fadamar Dangora

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa abin saurare, ni Uba Mai Albasa na Dangora, a ƙaramar hukumar Kiru, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, manoman rani da makiyaya, rasuwar injin ban-ruwana wanda aka fi sani da Gurnani. Ya rasu ranar Talatar da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, yana bakin aikinsa a gaɓar rafin da ke ƙasan gari. Shekararsa goma sha ɗaya a hannuna. Shekarun da ya yi kafin ya zo wurina, wanda ya sayar mini da shi ya ce biyu ne, bakanike ya ce a ƙara takwas.

Yabon abin da mutum ya mallaka bai da nisa da yabon kai, ni kuwa ban saba ba, don haka zan fara da abin da mutane suke faɗa a kansa. Matan unguwar gabas suna cewa tun da ya zo garin nan ba wadda ta ƙara tambayar lokaci, in ya tashi a ɗora koko, in ya yi shiru a shimfiɗa abin salla. Masu acaɓa suna cewa idan iska ta juyo suna jin sa daga kan kwalta, har baƙo yakan tambaya ko jirgi ne yake neman wurin sauka. Imran bakanike na Kafin Maiyaki, wanda ya fi kowa sanin cikinsa, yana cewa shekara ashirin yana kwance injuna, bai taɓa ganin wanda komai na jikinsa ya lalace amma shi bai samu labari ba sai wannan. Liman yana cewa ya fi wasu masu gemu ladabi, domin ba a taɓa jin muryarsa ana kiran salla ba. Matata Zuwaira kuwa cewa take yi, ni da shi maganar mutum ɗaya aka ba mu mu raba, shi ya kwashe duka.

Akwai kuma maganar da ake yi tun ranar Talata, wai bijimin Ja'e ne ya kashe shi. Ja'e Bafillace ne, rugarsu tana hayin rafi tun zamanin mahaifinsa, kuma shi ne mai busa sarewa a ƙungiyarmu ta kiɗa. Saboda wannan magana Mai Unguwa ya sa zama ranar Alhamis mai zuwa, a duba ko za a toshe hanyar da shanun Ja'e suke bi zuwa mashaya. In aka toshe ta a cikin zafin bazarar nan, ruwa mafi kusa tafiyar rabin yini ne, kuma ba makiyayin da zai iya wannan kullum. Tashi zai yi da iyalinsa. Ina roƙon duk wanda takardar nan ta zo hannunsa ya daure ya karanta ta har ƙarshe kafin Alhamis. Na san ta yi tsawo. Na koyi rubutun boko ne ina da shekara hamsin da biyu, a ajin yaƙi da jahilci na Kiru, kuma ba mu kai darasin taƙaitawa ba aka rufe ajin.

Marigayi ya shigo garin nan ne daga kasuwar Kafin Maiyaki, ja ne a lokacin, daga baya ya koma launin da ba shi da suna. Bai taɓa tashi a jan igiya na farko ba. Ba taurin kai ba ne, so yake ya tabbatar da gaske kake. A ja na uku yake amsawa, tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, sannan ya yi tari biyu, ya saki shuɗin hayaƙi, ya kama aiki. Ba ya zaɓen abinci. Ya sha fetur na gidan mai, ya sha na 'yan bumburutu wanda Allah kaɗai ya san abin da aka sirka a ciki, bai taɓa mayarwa ba. Ya shayar da albasata da tumatir da attaruhu, ya shayar da gonakin maƙwabta uku waɗanda har yau ban ji sun gode masa ba. Sau biyu aka are shi zuwa Tudun Wada. A na biyun ya dawo ba murfin tanki, bai yi ƙorafi ba, tun daga nan da leda da roba muke ɗaure masa kai. A shekara ta huɗu salansarsa ta faɗi a cikin rafi, muka neme ta ba mu gani ba. Ranar ce muryarsa ta buɗe, ranar ce kuma aka raɗa masa suna.

Yadda ya zama makaɗi, wannan sai na yi bayani, don mutane da yawa suna zaton wasa muke yi.

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, manoma ne mu kaka da kakanni. Abin da na iya shi ne zama. Mai ban-ruwa yana da dogon zama: ka tayar da inji, ka buɗe wa fangali ruwa, ka jira ya cika, ka toshe, ka buɗe na gaba. Tsakanin wannan da wancan ba abin yi sai saurare. Wata rana, shekara bakwai ke nan, Ja'e ya gangaro da shanu yana busa sarewa a hayi. Fangalina ya kusa cika, na rage wa inji totur, sai na ji muryarsa ta sauko ta shimfiɗu daidai ƙarƙashin busar, kamar tabarma ƙarƙashin baƙo. Ja'e ya hau sama, na ƙara totur kaɗan, inji ya bi shi. Ja'e ya sauko, muka sauko. Ban gaya wa kowa ba. Rani biyu cur yana busa a hayi ina bin sa daga nan, kullum muna gaisawa, ya shanu, ya albasa, ba wanda ya taɓa ɗauko maganar. A rani na uku ya naɗe wando ya ƙetaro, ya zauna a kan tudun fangali kusa da ni, ya sa sarewa a baki, ya cire, ya ce in ƙara masa kaɗan. Na ƙara. Shi ke nan taron kafa ƙungiya.

Na ukunmu shi ne Sagir Mai Goge, mutumin Bebeji da ya dawo Dangora da zama. Ya shekara tara da tuba daga kiɗa, gogensa yana rataye a zaure har ɓeraye sun cinye izgar. Ya ji mu daga gonar rake, ya zo ya zauna kwana uku yana saurare. A rana ta huɗu ya zo da goge da sabuwar izga. Ya ce ya yi tunani, wannan ba shi ne kiɗan da ya tuba daga gare shi ba: ba waƙa, ba kirari, ba mai iya rawa da shi, kuma ba mahaluƙin da zai yi mana liƙi. Duk da haka don ya samu natsuwa ya gayyato wani malami ya saurara. Malamin ya zauna har muka gama, ya sa takalmansa, ya ce ba zai iya ba da fatawa ba, domin an kira shi a kan kiɗa ne, shi kuwa bai ji kiɗa ba.

Sarewa tana da nata aiki, goge yana da nasa, duk tsofaffin kaya ne masu asali. Marigayi shi ne bai da asali, amma ya fi su yawan murya. In na ɗaga tiyo daga ruwa ya sha iska, sai ya ce ƙwarrr, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar an shaƙe raƙumi. In na ɗora murfin tukunya a kan tanki da tsakuwa uku a ciki, sai ya ce tsirrrr, goge ya bi ta tsakiya ya wuce. In na toshe bakin hayaƙi da tafin takalmi, sai ya ce buf, buf, buf, Ja'e ya yi shiru ya bar shi, sannan ya shigo ta sama siriri kamar zare. Muna da take uku da muka fi yi. Akwai Shanu Sun Gangaro. Akwai Fangali Na Tara. Akwai kuma Fetur Ya Kusa Ƙarewa, wanda ba mu taɓa sanin tsawonsa ba sai ya ƙare.

Ba zan ɓoye ba, jama'a ba su karɓe mu ba. An ce muna sa jarirai kuka. An ce kaji sun rage ƙwai. Abin da ba a musa ba shi ne, tun da muka fara, tsuntsayen jan-baki ba su ƙara sauka a fadamar nan ba. Wani malamin sakandare daga Tudun Wada, Abdulmalik, ya ɗauke mu a waya, ya ce mana a wasu ƙasashe mutane suna sa kwat su zauna a babban ɗaki su saurari irin wannan, har su tafa. Da na gaya wa Zuwaira sai ta ce Allah ya yaye musu abin da yake damunsu.

Sau ɗaya aka taɓa gayyatar mu biki, a Bebeji, shi ma bisa kuskure. An gaya wa uwar biki akwai masu goge da sarewa a Dangora, ba a ambaci na ukun ba. Marigayi ba ya kiɗa sai da ruwa, don haka muka ɗauko shi a a-kori-kura tare da duro, muka sa tiyon sha da tiyon fitarwa duk a cikin duron, ruwan yana zagayawa. Mata suka yi da'ira, muka fara Shanu Sun Gangaro. Suka tsaya suna jiran inda za su sa ƙafa. Wata tsohuwa ta yi ƙarfin hali ta shiga fili, ta ɗaga ƙafar dama, ta riƙe ta a sama tana jiran kiɗan ya gaya mata inda za ta sauke, har ta gaji wata jikarta ta zo ta tallafe ta. Da muka zo wurin da nake ɗaga tiyo, sai na fitarwar ya suɓuce daga duro. Marigayi bai san biki ba, aiki ya sani. Ya shayar da dangin ango daga hagu zuwa dama, daidai wa daida, bai tsallake kowa ba. An ba mu abinci, aka roƙe mu mu ci a hanya. Auren yana nan lafiya, 'ya'yansu uku.

Yanzu na zo kan jinya, kuma a nan nake so a rage sauri.

A farkon ranin nan, wata rana na manta ban duba masa baƙin mai ba. Muna cikin Fangali Na Tara sai na ji wata murya a ƙarƙashin muryarsa ta kullum, dum, dum, dum, mai zurfi, a hankali, kamar ana buga babbar ganga a wani gari can. Sagir ya rufe ido, gogensa ya faɗa cikinta. Ja'e ya sauko da busa har ta kusa zama numfashi. A shekara bakwai ba mu taɓa yin kiɗa irin na ranar ba, ni da ba na kuka sai da na ce hayaƙi ne. Da yamma na duba na ga mai ya yi ƙasa, na cika. Washegari muryar ta tafi.

Kwana uku ina zaune ina sauraren inji mai ƙoshin lafiya, ban ji daɗinsa ba. A rana ta huɗu, kafin su zo, na sa sifana na kwance noti na ƙasa, na tsiyaye mai cikin gwangwanin tumatir ɗaya. Muryar ta dawo. Ba zan ce ban sani ba. Tun ranar da na fara kai shi wurin Imran ya gaya mini, in rasa fetur in rasa komai, amma kada in bar shi ba baƙin mai. Na ce wa kaina ai aro ne, in an gama kiɗa zan mayar masa. Da farko ina mayarwa. Daga baya na lura in ya kwana biyu a bushe muryar ta fi zurfi, sai na daina mayarwa. Bayan sati biyu gwangwani ɗaya ya daina isa, sai biyu. Man da nake cirewa ina zuba shi a kwalaben lemo ina ɓoyewa a bayan rumbu. Marigayi ya fara zafi, ya fara rawar jiki, ja na uku ya koma ja na bakwai. Bai daina aiki ba ko na yini ɗaya. Wata uku yana ba ni ruwa yana ba ni kiɗa, ni kuma ina zuƙe shi.

Ranar Talata na cire fiye da yadda na taɓa cirewa, don muna gwada wani sabon take da ba mu sa wa suna ba. Muryarsa ta sauka inda ba ta taɓa zuwa ba. Ya ce duuum, ya ce muuu, ya ja ta da tsawo, sak kukan saniya mai kira. Sannan ya ce ƙas. Sau ɗaya, ƙarami, kamar an karya kara. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe.

Bijimin Ja'e, farin nan mai karyayyen ƙaho, ya riga ya shigo ruwa tun da ya ji kiran, yana zuwa ya ga wace ce. Ko da ya iso an riga an cika. Ya sunsuna, ya tura shi da hanci a hankali, irin turin da ake yi wa mai barci, marigayi ya kwanta ta gefe. Mutanen gonakin kusa shirun ne ya sa suka ɗago kai, abin da suka gani kuma shi ne bijimi tsaye a kan gawa.

Aka taru. Aka yi ta magana, wasu da sanda a hannu. Aka tambaye ni, na yi shiru, da yake an san ni da shiru sai aka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana, aka amsa a madadina. Ja'e ya dube ni sau ɗaya, ya sa sarewa a aljihu, ya kora shanunsa ba su gama sha ba. Ban ƙara ganin sa a mashaya ba, 'ya'yansa ne suke kawo shanun, cikin sauri, kansu a ƙasa.

Da a nan na tsaya da sai in ce tsoro ne ya kama ni. Amma washegari da safe, kafin mai acaɓa ya zo ya kai mu Kafin Maiyaki, na sayo sabon baƙin mai na cika masa ciki. Imran ya buɗe shi a gaban mutane, ya tarar da ciki ya ƙone ƙurmus, ga mai kuma fes kamar yanzu aka fito da shi daga shago. Ya dangwali man da yatsa ya duba. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma tun da akwai mai, to ba abin da ya rage sai faɗuwar. Kafin mu dawo Dangora maganar ta riga mu isa. Akwai waɗanda suka daɗe suna son a toshe hanyar nan. Ba zan faɗi sunansu ba, wasunsu ma suna da ƙorafi na gaskiya a kan kabejin da shanu suka ci musu bara. Wannan a zauna a yi maganarsa daban. Abin da ban yarda ba shi ne a rataya shi a wuyan wannan mamaci.

Ranar Asabar Zuwaira ta zagaya bayan rumbu tana neman inda kazarta take ƙwai. Da ta kawo mini abinci sai ta ajiye tuwo, ta ajiye miya, ta ajiye ruwan wanke hannu, sannan ta jera kwalabe tara a bakin tabarma, ta gyara su suka yi layi.

"Malam," ta ce, "waɗannan in zuba a miya, ko Mai Unguwa za ka kai wa?"

Ban ci tuwon ba. Biro na ɗauko.

Marigayi ya rasu ya bar tiyo biyu, babba da ƙarami, babban yana da ɗauri goma sha huɗu na robar taya. Ya bar igiyar ja, da jarka ɗaya mai yoyo, da sifana mai lamba goma wadda ba ta taɓa kwana nesa da shi ba, ko da yake yanzu an san irin aikin da aka sa ta. Ya bar fulogi shida da suka yi ritaya suna zaune a gwangwani. Yana da wani ɗan'uwa da aka ce kwali ɗaya suka fito, yana aiki a wata gonar masara a Doguwa, har yanzu ba a sanar da shi ba, duk mai zuwa can muna roƙo ya faɗa masa a hankali, kada yana cikin aiki. Ya bar goge da sarewa, ba su da abin jingina. Sagir ya gwada cike gurbin da bakinsa, yana goge yana cewa tuf-tuf-tuf, na roƙe shi ya bari, shi ma ya ce ya ji bai dace ba. Marayun gaske kuwa su ne fangali arba'in da biyu na albasa, saura sati uku a cire su, ganyensu ya fara sunkuyawa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Laraba bayan la'asar, wato ana gobe zaman Mai Unguwa. Liman ya ce ba wanka, ba likkafani, ba salla, ƙarfe ƙarfe ne, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya ce zai zo a matsayin maƙwabci, amma zai tsaya daga nesa. Za a ɗauko gawa daga rumfar Imran zuwa bakin kwalta, daga nan a sa ta a baro, a tura a hankali har fadama. Ba za a binne shi ba, Imran ya ce ƙasa ba za ta iya da shi ba. Za a ɗora shi a kan duwatsu huɗu a gindin giginyar da ke kallon mashaya. 'Yan gwangwan uku sun riga sun zo mini gaisuwa kowanne da sikelinsa a hannu. Na gode da zumunci, amma ranar Laraba a bar sikeli a gida.

An gayyaci Mai Unguwa. Za a jera kwalaben nan tara a gaban gawa, ni kuma zan miƙe tsaye in faɗi abin da ya kashe shi, a gaban duk wanda ya ga bijimi da duk wanda aka ba labarin bijimi. Imran zai tsaya kusa da ni, don shi ma na sa shi ya faɗi abin da ba haka ba, kuma sana'arsa ce na taɓa.

Zaman makoki sati uku ne, a fadama, daga hantsi zuwa la'asar. Ba a buƙatar hatsi ko goro. Duk mai zuwa gaisuwa ya taho da bokiti. Gaisuwa ɗaya bokiti goma ce, wanda kuma yake jin marigayi yana da hakki a kansa, kamar maƙwabtan nan uku, ya fara daga fangalin da ya fi nisa da rafi. Ba za a yi abinci ba. Ruwa akwai.

Sagir zai goga Fetur Ya Kusa Ƙarewa shi kaɗai, ya tsaya inda ya ga dama. Maganar sarewa ban rubuta komai ba, ba ni da bakin gayyata.

Har nan na rubuta ranar Lahadi. Abin da ke ƙasa ƙari ne.

Ranar Litinin da hantsi na ninke takardar nan na ƙetare rafi. Na tarar an riga an yaye bukka biyu, mata suna ɗaure ƙore a cikin raga. Ja'e yana gindin bishiya yana gyaran dangwalin maruƙa. Na yi sallama ya amsa. Muka gaisa, ya shanu, ya zafi, ya iyali, ya haƙurin rashi, shi ne ma ya yi mini ta'aziyya. Da gaisuwa ta ƙare na miƙa masa takardar da hannu biyu. Nufina ya karɓa in juya in tafi, ya nemi mai karanta masa bayan na yi nisa. Ajami yake karantawa, ba boko ba, kuma shekara talatin na san haka. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya miƙo mini.

"Kaɗo, karanta."

Na karanta a tsaye. Karatuna ba sauri, ina bi da yatsa, har inuwar bishiyar ta janye ta bar ni a rana. Matan suka daina ɗauri suka tsaya. A wurin bikin Bebeji ya yi dariya sau ɗaya. A wurin gwangwanin tumatir bai ɗago kai ba, hannunsa bai bar igiya ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce tun ranar da na cire gwangwanin farko ya ji, wai inji mai ƙishin mai ba ya ɓuya ga kunnen da ya saba da saniya mai ƙishin ruwa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa ranar Talata, ga sanduna a kansa. Ya ce ba a rugar da ya tashi aka koya masa ya tsaya gaban jama'a ya tona abokinsa ba, yaye bukka ya fi masa sauƙi. Ya ce kuma shi ma ya ji daɗin muryar, wata uku bai hana ni ba, wannan nasa ne zai ɗauka.

Ya ɗaure igiyar, ya ajiye, sannan ya dube ni.

"Takarda ta yi kyau, Malam Uba. Inji ya samu ta'aziyya, albasa ta samu bokiti, Mai Unguwa zai samu kwalabe. Shi ke nan abin da ka ƙetaro da shi?"

Na duba bayan takardar ko na rubuta wani abu na manta. Ba komai. Na ninke ta na sa a aljihu. Ina rubuta abin da ya biyo baya ne don waɗanda ba sa wurin, waɗanda suke wurin sun ji, har matan da ke can bakin bukka, don ban san muryata tana kaiwa haka ba. Na cire takalmi, na durƙusa a gabansa, na ce:

"Ja'e, ni na kashe shi, ba bijiminka ba. Na san gaskiya na yi shiru, na bar ka da kunya a gaban mutane kwana shida, har iyalinka suka fara ɗaure kaya. Na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."